Sankarar furostet a baƙar fata: a jini take, ko a kulawar asibiti?

Tambaya: "Likita, shekaruna 44, ina zaune a Ingila. Sankarar mafitsara ce ajalin mahaifina, kuma ba a gano ta ba sai da ta shiga ƙashi. Na karanta cewa ɗaya cikin kowane baƙar fata huɗu zai kamu da ita. Wasu na cewa a jininmu take, wasu na cewa asibitoci ne ba sa kula da mu yadda suke kula da Turawa. Wanne ne gaskiya, kuma me ya kamata in yi?"

Allah Ya jiƙan mahaifinka, ɗan'uwa, Ya sa ciwon da ya sha ya zame masa kaffara. Na san irin jinyar da ake yi idan wannan cuta ta kama ƙashin baya da ƙugu, kuma na san wanda ya yi jinyar mahaifinsa a wannan hali ba ya rabuwa da tunanin ko shi ma tana nan tana jiransa.

Tambayarka ɗaya ce a baki, amma tambayoyi biyu ne aka ɗaure da igiya guda. Ta farko: wa ya fi kamuwa? Ta biyu: cikin waɗanda suka kamu, wa ya fi mutuwa? Amsoshinsu ba ɗaya ba ne. A kan kamuwa, gado yana da hannu babba, kuma hujjar tana da ƙarfi. A kan mutuwa bayan an kamu, abin da bincike ya nuna shi ne lokacin da aka gano ta da irin maganin da mutum ya samu su suka fi yanke hukunci. Yawancin gardamar da kake ji ta samo asali ne daga cakuɗa waɗannan biyun.

Bari in fara gyara suna, don kada ka je gaban likita ku yi magana biyu. Abin da muke kira sankarar mafitsara a bakin mutane yawanci ba a mafitsara take ba. Mafitsara ita ce jakar da fitsari ke taruwa. A ƙarƙashinta akwai wata 'yar gaɓa da maza kaɗai ke da ita, furostet, nauyinta kamar giram 20 a jikin saurayi, ta zagaye bututun fitsari kamar zobe a yatsa. Aikinta samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Saboda bututun ta cikinta ya ratsa, idan ta kumbura fitsari ne ke fara ba da labari, shi ya sa sunan mafitsara ya bi ta. Sai dai sankarar ta fi tsirowa a gefen gaɓar na waje, nesa da bututun, don haka takan yi shekaru tana girma mutum yana fitsarinsa lafiya lau. Wannan shirun shi ne ke cin mutane.

Alƙaluman da ka karanta gaskiya ne. Sun fito daga wani nazari da aka buga a 2015 a kan bayanan Ingila na 2008 zuwa 2010. Baƙar fata ɗaya cikin 4 za a gano masa cutar a tsawon rayuwarsa, Bature ɗaya cikin 8, ɗan asalin Asiya ɗaya cikin 13. Wajen mutuwa kuma, ɗaya cikin 12, ɗaya cikin 24, ɗaya cikin 44. Ka ɗan tsaya ka raba waɗannan lambobi. Huɗu zuwa sha biyu, takwas zuwa ashirin da huɗu: duka kashi ɗaya cikin uku ne. Wato a wancan nazari, da zarar an gano cutar, baƙi da fari kusan rabonsu ɗaya. Ninkin mutuwar ya biyo ninkin kamuwar ne. A Amurka hoton ya ɗan bambanta. Baƙar fata sun fi Turawa kamuwa da kusan kashi 70 cikin 100, amma mutuwarsu ta haura ninki biyu. Akwai wata tazara da ta rage wadda yawan kamuwa bai biya kuɗinta ba. Ka riƙe wannan, za mu dawo gare ta.

Cikin manyan cututtukan daji, sankarar furostet tana sahun gaba wajen bin jini. An gane haka ta hanyar tagwaye. Ƙasashen Denmak, Finlan, Norwe da Suwidin suna da rajistar tagwaye ta shekaru masu yawa, kuma masu bincike sun bi tagwaye sama da 200,000, suna kwatanta masu kama ɗaya, waɗanda gadonsu iri ɗaya ne sak, da marasa kama ɗaya, waɗanda rabi suka haɗa. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna gado yana bayyana kusan kashi 57 cikin 100 na bambancin haɗari tsakanin maza. Sankarar nono, wadda kowa ya san tana bin dangi, kusan kashi 31 ta samu. Don haka mutumin da mahaifinsa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya yi wannan ciwo, haɗarinsa ya kai ninki biyu da rabi na wanda ba shi da wannan tarihi.

Maza da yawa da ke zuwa wurina suna ɗauka cewa tunda ciwon maza ne, ta kuromosom ɗin Y yake gangarowa daga uba zuwa ɗa. Tunani ne mai ma'ana, amma ba haka abin yake ba. Kuromosom su ne ƙullin da gado yake naɗe a ciki a ƙwayoyin jiki. Kowane mutum yana da kuromosom 46, 23 daga uwa, 23 daga uba. Namiji ya karɓi X daga mahaifiyarsa, Y daga mahaifinsa. Y ƙarami ne, sai a 2023 aka kammala karanta shi gaba ɗaya, haruffan DNA kusan miliyan 62 cikin biliyan uku da ɗan'adam ke da su. A kansa ne ƙwayar gadon SRY take, wadda aka gano a 1990, ita ce ke ba ɗan tayi umarnin ya gina 'ya'yan maraina tun yana makonni shida zuwa bakwai a ciki. A kansa kuma akwai yankunan da ake kira AZF, waɗanda idan wani ya gutsure namiji kan rasa ƙwayoyin maniyyi ko su yi ƙaranci ƙwarai. Harkar haihuwa ce aikin Y. Amma ƙwayoyin gadon da aka tabbatar suna ɗaga haɗarin sankarar furostet kusan duk a sauran kuromosom suke: BRCA2 a na 13, HOXB13 a na 17, wani yanki mai suna 8q24 a na 8. Ƙwayar gadon da ke gina makarɓar testosteron, wato sinadarin mazakuta, a jikin furostet ma a kan X take, wato daga uwa namiji ke gadonta. Ma'anar wannan a aikace ita ce dangin mahaifiyarka suna da muhimmanci a wannan lissafi daidai da dangin mahaifinka. Kawunnanka na wajen uwa da kakanka na wannan ɓangare duk suna cikin labarin.

To ina batun asalin Afirka ya shigo? A 2006 wasu masu bincike suka yi wata dabara. Baƙar fatar Amurka gaurayen jini ne, a matsakaici kusan kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na gadonsu daga Turai yake. Sai aka ɗauki waɗanda suka kamu da cutar, aka bi kuromosom ɗinsu gaɓa-gaɓa ana neman inda gadon Afirka ya yi yawa fiye da yadda aka zata. Wurin da ya fito fili shi ne 8q24. Abin mamakin wannan yanki shi ne kusan babu ƙwayar gado mai gina furotin a cikinsa. Makunnai ne a wurin, masu ƙara wa wata ƙwayar gado maƙwabciya mai suna MYC ƙarfi ko su rage mata, ita kuwa MYC aikinta tura ƙwayoyin jiki su riƙa rarrabuwa. Daga baya aka gano cewa wasu sauye-sauyen da ke wannan yanki a jinin 'yan asalin Afirka kaɗai ake samunsu, kuma ɗaya daga cikinsu yana ninka haɗari. A 2021 wani gagarumin nazari ya tattara sauye-sauye 269 masu alaƙa da cutar, ya haɗa su wuri guda a matsayin maki, sai aka ga matsakaicin makin 'yan asalin Afirka ya kai kusan ninki biyu na Turawa. Zuwa 2023 adadin sauye-sauyen ya kai 451. Kowane ɗaya ɗan ƙaramin nauyi ne, taruwarsu ce ke yin kaya.

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo, har a bakin wasu likitoci, cewa baƙar fata sun fi yawan testosteron shi ya sa. Tushenta gaskiya ne ta wani gefe: tun 1941 Charles Huggins ya nuna cewa wannan sankara da sinadarin mazakuta take rayuwa, idan aka yanke mata shi sai ta lafa, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1966. Amma da aka auna jinin dubban maza, aka daidaita shekaru da ƙiba, bambancin testosteron tsakanin baƙi da fari ko dai babu, ko ɗan kaɗan ne da bai isa ya bayyana ninki biyu ba. Ina so ka ajiye wannan magana gefe, domin ta fi kusa da tsohuwar camfin da aka ɗora wa jikin baƙar fata fiye da ilimi.

Duk da haka ina taka-tsantsan da kalmar "baƙar fata" idan ana batun gado. Afirka ta fi kowace nahiya yawan bambancin gado, domin a nan ɗan'adam ya fi daɗewa. Mutum biyu daga kusurwoyi biyu na nahiyar suna iya bambanta da juna fiye da yadda Bature ya bambanta da ɗan Sin. Akwatin da ake cikewa a takardar asibiti launi yake tambaya, launi kuwa ba ya gaya maka wane sauyi mutum yake ɗauke da shi a kuromosom na 8. Kuma iliminmu kansa ya karkata. A 2009 kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu 'yan asalin Turai ne. Zuwa 2016 ya sauko zuwa 81, amma 'yan asalin Afirka kusan kashi 3 kacal suka samu. Sakamakon haka, makin haɗarin da aka gina a kan jinin Turawa ba ya aiki sosai a jikinmu, kuma idan aka yi wa ɗan Afirka gwajin gado ya fi yiwuwa takardar ta dawo da sauyin da ba a san fassararsa ba. Haɗakar masu bincike ta MADCaP, da ke aiki a asibitocin Senegal, Ghana, Najeriya da Afirka ta Kudu, ta fara toshe wannan giɓi. A 2024 ta buga nazari a kan maza kusan 7,500, kuma ta tarar cewa sauye-sauyen da suka fi tasiri a yammacin Afirka ba daidai suke da na kudanci ba.

Kuma ko a batun kamuwa, ba komai ne gado ba. Tsibiran Gwadalup da Martinik na Faransa, da ke yankin Karebiyan, suna cikin wuraren da suka fi ko'ina yawan wannan cuta a duniya. Mutanensu yawanci jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ne, don haka da sauƙi a ce jini ne a wuce. Amma daga 1972 zuwa 1993 an riƙa zuba wani maganin ƙwari mai suna kulodekon a gonakin ayaba na tsibiran, har bayan da Faransa ta hana shi a 1990. Maganin ya shiga ƙasa da ruwa, kuma an same shi a jinin fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen wurin. Wani nazari na 2010 ya nuna waɗanda ya fi yawa a jininsu sun fi kamuwa. A ƙarshen 2021 Faransa ta amince da sankarar furostet a matsayin ciwon da aikin gona da magungunan ƙwari ke jawowa. Da an tsaya a kan gado kaɗai, da an bar jaki ana dukan taiki.

Yanzu tambaya ta biyu, wadda ta fi ci mini rai. Shekaru da yawa ana koyar da cewa sankarar baƙar fata ta fi zafi a halittarta, shi ya sa take kashe su. A 2019 Robert Dess da abokan aikinsa suka gwada wannan magana a kan maza sama da 300,000 a Amurka, waɗanda cutarsu ba ta riga ta bazu ba. Sun raba su gida uku. Gida na farko jama'ar gari ne, kowa da irin inshorarsa ko rashinta. Na biyu tsofaffin sojoji ne da ke zuwa asibitocin gwamnati na 'yan mazan jiya, inda kowa ƙofa ɗaya yake shiga. Na uku waɗanda suka shiga gwajin magani ne, inda dokar gwajin ta tilasta a yi wa kowa magani iri ɗaya a lokaci ɗaya. A gida na farko baƙar fata sun fi mutuwa da kusan kashi 30 cikin 100, amma da aka daidaita inshora, arziki da irin maganin da aka yi, sai tazarar ta sauko ƙasa da kashi 10. A gida na biyu babu bambanci. A na uku baƙar fata ne ma suka ɗan fi tsira. A shekarar ce kuma aka haɗa gwaje-gwaje tara na maganin dosetaksel ga masu cutar da ta bazu, maza 8,820, sai aka ga bayan daidaita tsananin ciwo baƙar fata sun fi amfana. Cikin waɗannan 8,820 kuwa 500 ne kawai baƙar fata.

Ka lura da iyakar wannan hujja, don kada mu wuce gona da iri. Ko a asibitocin tsofaffin sojojin, baƙar fata sun ci gaba da kamuwa kusan ninki biyu, kuma suna kamuwa da ƙarancin shekaru. Daidaita kulawa bai goge gado ba. Abin da ya goge shi ne ƙarin mutuwar da ke zuwa bayan ganowa. Wannan ita ce tazarar da na ce ka riƙe.

Ta yaya take faruwa? Da wuya ka ga likita ya dubi mutum ya ce ba zai yi masa magani ba saboda launinsa. A ƙananan matakai abin yake ɓuya. Wa aka yi wa tayin gwajin jini, wa aka bari sai ya roƙa? Da sakamakon ya hau, wa aka tura hoton MRI cikin makonni, wa aka ce ya dawo bayan wata shida? Da aka gano mai tsanani ce, wa aka yi wa tiyata ko gashi, wato ƙona sankarar da haske mai ƙarfi, da nufin warkarwa, wa aka ba allurar danne sinadari kawai? Nazarce-nazarce a Amurka sun nuna baƙar fata masu cuta mai tsanani ba su cika samun tiyata ko gashi kamar Turawa ba, kuma babban ɓangare na wannan ya danganta da irin asibitin da ke kusa da unguwarsu. Tun 2002 Cibiyar Likitanci ta Amurka, bisa umarnin majalisar dokokin ƙasar, ta duba nazari sama da 100 ta kammala cewa 'yan tsiraru suna samun kulawa mai ƙarancin inganci ko da inshorarsu da samunsu daidai suke da na Turawa.

Akwai wani mutum da ba na mantawa da shi. Direban babbar mota ne, shekarunsa 52 lokacin da ya iso ɗakin duba marasa lafiyarmu. Ya shigo yana dafe da ƙugu, ya zauna a gefen kujera saboda ba ya iya jingina. Ya ciro wata takarda da ta sha ninki daga walat ɗinsa, a jiki ya rubuta ranakun da ya je wani asibiti yana neman gwajin PSA, wato awon jinin da ke nuna alamar matsala a furostet. Sau biyu ne, yana ɗan 46 da kuma yana ɗan 48. Duka biyun an ce masa bai kai shekaru ba, kuma tunda fitsarinsa lafiya babu dalili. Ba wanda ya tambaye shi dangi, alhali yayansa ya riga ya yi ciwon. Ranar da muka auna, PSA ɗinsa ya haura ɗari, hoton ƙashi kuma ya nuna tabo a kashin baya da haƙarƙari. Matarsa ce ta yi tambayar da shi ya kasa yi: da an auna tun wancan lokaci fa? Ban iya ce mata komai ba sai gaskiya, cewa da alama da mun same ta tana cikin gaɓar. Waɗanda suka mayar da shi ba mugaye ba ne. Ƙa'ida suka bi, ƙa'idar da aka yanka da awon wani jiki daban.

Ina nufin haka a zahiri. Manyan gwaje-gwajen da aka gina ƙa'idojin duniya a kansu kusan babu mu a ciki. Gwajin PLCO na Amurka, mai maza sama da 76,000, baƙar fata kusan kashi 4 cikin 100 ne. Gwajin ProtecT na Birtaniya, mai maza 1,643, wanda ya nuna cewa bayan shekara 15 kusan kashi 97 cikin 100 ba su mutu da cutar ba ko tiyata aka yi musu, ko gashi, ko sa ido kawai, kusan dukkansu Turawa ne. A 2012 kwamitin rigakafi na Amurka ya ba da shawarar a daina gwajin PSA ga kowa, saboda yana gano ƙananan sankara da ba za su taɓa cutar da mutum ba, a yi masa aikin da zai bar shi da yoyon fitsari ko raunin mazakuta a banza. Damuwar gaskiya ce. Amma shawarar ta haɗa mai haɗari ɗaya cikin 8 da mai ɗaya cikin 4 a kwando ɗaya. Gwaji ya ragu, kuma a shekarun da suka biyo baya adadin waɗanda ake ganowa bayan cutar ta bazu ya ƙaru. A 2018 kwamitin ya sassauta, ya ce masu shekara 55 zuwa 69 su tattauna da likitansu.

Ga wani ƙaramin misali na yadda ake rufe ƙofa ba tare da kowa ya yi niyya ba. Yawancin mutanen yammacin Afirka, da kusan kashi biyu cikin uku na baƙar fatar Amurka, ba su da wani tambari mai suna Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jininsu, abin da ke ba su kariya daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro. Masu wannan gado fararen ƙwayoyin jininsu na nutrofil sukan fito ƙasa a awo, alhali lafiyarsu ƙalau, garkuwarsu ba ta da rauni. Amma ma'aunin "daidai" daga jinin Turawa aka ɗauko shi. Sai a hana mutum shiga gwajin sabon magani, ko a jinkirta masa zagayen maganin sankara, a kan lambar da ita ce halittarsa.

In kana son ganin yadda gado da kulawa suke tafiya a hanyoyi daban, dubi sankarar 'ya'yan maraina. Nan abin ya juye. Turawa sun fi baƙar fata kamuwa da ita ninki huɗu zuwa biyar, kuma a 2009 an gano wani sauyi kusa da ƙwayar gadon KITLG, wanda ya fi yawa a Turawa, da ke bayyana wani ɓangare na wannan. Gado yana gefenmu ke nan. Amma a Amurka baƙar fatar da ya kamu da ita ya fi Bature yiwuwar zuwa a makare, ya kuma fi shi yiwuwar mutuwa, a ciwon da yake cikin waɗanda suka fi warkuwa.

Akwai kuma ɓangaren da ya shafi gudun asibiti, kuma ba zan ɗora laifinsa a kan marasa lafiya ba tare da faɗin asalinsa ba. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta bi baƙar fata 600 a Taskigi ta jihar Alabama, 399 daga cikinsu masu ciwon tunjere, tana kallon yadda ciwon ke cin jiki ba tare da magani ba, har bayan da fenisilin ya zama maganinsa a ƙarshen shekarun 1940. Sai a 1997 Shugaba Bill Clinton ya nemi afuwa. Masana tattalin arziki Marcella Alsan da Marianne Wanamaker sun lissafa cewa bayan fallasar 1972 zuwan baƙar fata maza asibiti ya ragu, har tsawon ran ɗan shekara 45 ya ragu da abin da ya kai shekara ɗaya da rabi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Alsan ta sake wani gwaji a Okland ta Kalifoniya da maza baƙar fata sama da 1,300 da aka nemo, yawanci daga shagunan aski, inda ta ga waɗanda suka gana da likita baƙar fata sun fi yarda a yi musu gwaje-gwajen rigakafi, musamman masu buƙatar huda fata. Yarda tana daga cikin magani, kuma asibiti ne ya kamata ya neme ta.

A Ingila inda kake, kuɗi ba ya tsaya maka a ƙofa, wataƙila shi ya sa lissafin ɗaya cikin uku ya zo daidai. Raunin tsarin a wani wuri yake: ba a aika wa maza takardar gayyata gwaji yadda ake aika wa mata don gwajin nono. Ƙa'idar ta ce mai shekara 50 zuwa sama zai iya nema da kansa. Wanda ya san da zancen shi ke nema. Ƙungiyar Prostate Cancer UK tana ba baƙar fata shawarar su fara magana da likitan unguwa daga shekara 45, kuma babban gwajin TRANSFORM da take jagoranta, mai kuɗi fam miliyan 42, an tsara shi ne yadda ɗaya cikin kowane mutum goma da za a gayyata zai zama baƙar fata, daga shekara 45. A Amurka gidauniyar Prostate Cancer Foundation ta fitar da shawara a 2024 cewa baƙar fata su yi awon farko tsakanin shekara 40 da 45.

Kai abubuwa biyu ne suka haɗu a kanka, asali da mahaifi, don haka shawarata kada ka jira 50, kada ma ka jira 45. Ka nemi ganin likitanka a cikin wannan wata. Ka faɗa masa a jimla ɗaya: ni baƙar fata ne, shekaruna 44, mahaifina ya rasu da sankarar furostet da ta bazu, ina son a auna mini PSA. Ka faɗi shekarun mahaifinka lokacin da aka gano masa, domin idan ƙasa da 60 ne nauyin ya ƙaru. Idan aka ce ba ka kai ba, ka nemi a rubuta a fayil ɗinka cewa ka nema da dalilinka, sannan ka nemi ganin wani likitan. Gwajin jini ne daga hannu. Tsoron gwajin yatsa ta dubura ya hana maza da yawa zuwa, to ka sani ba shi ne matakin farko ba yanzu. Kafin awon ka kauce wa fitar maniyyi da motsa jiki mai tsanani na kwana biyu, kuma idan ka yi ciwon sanyin fitsari ka bari sai bayan mako shida, domin duk suna ɗaga lambar. Idan kana shan finasterayid don sanƙo ko kumburin furostet ka faɗa, yana rage lambar da kusan rabi.

Idan ta fito sama, kada hankalinka ya tashi. Kusan uku cikin huɗu na masu PSA mai yawa ba su da sankara. Mataki na gaba hoton MRI ne, wanda tun 2019 ya zama ƙa'ida a Ingila kafin a tsakuro nama, kuma ya rage yawan waɗanda ake yi wa hudar banza. Idan ta fito ƙasa, ba sallama aka yi maka ba, wasu masu cutar lambarsu ba ta hawa. Ka rubuta lambar da ranar, ku tsayar da lokacin maimaitawa, shekara ɗaya ko biyu gwargwadon abin da aka samu, domin yadda take hawa daga shekara zuwa shekara shi ma yana ba da labari.

Kafin ka je, ka zauna da manyan gidanku na ɓangarorin biyu ka yi tambaya. Ba furostet kaɗai ba: wa ya yi sankarar nono, musamman da ƙuruciya ko namiji, wa ta yi ta ƙwan mace, wa ya yi ta gaɓar ciki da ake kira fankiriyas? Waɗannan su ne sawun BRCA2. Wani nazari na 2016 a kan maza 692 masu cutar da ta bazu ya tarar kusan kashi 12 cikin 100 suna ɗauke da gadon lalacewar ƙwayoyin da ke gyara DNA, BRCA2 ce kan gaba. Idan tarihin gidanku ya nuna haka, ka nemi a tura ka wurin masu ba da shawara kan gado. Gwajin da ake saya ta intanet a tofa yawu a kwalba ba zai wadatar ba, yawancinsu 'yan sauye-sauye kaɗan suke dubawa, kuma ba waɗanda suka fi yawa a jinin Afirka ba. Idan aka same shi a jikinka, kowane ɗan'uwanka na ciki ɗaya, mace ko namiji, da kowane ɗa ko 'yar da ka haifa, yana da rabin yiwuwar ɗauke da shi. Don haka ka kira 'yan'uwanka maza su ma su je awo, ka kuma gaya wa 'yan'uwanka mata ainihin abin da ya kashe Baba.